Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Sallama gare ku, masu bibiyata. Wadda ta leƙo yau don ta ji yadda Armiya'u yake zuba mini kalamai, ta yi haƙuri ta gyara zama, yau ba ni da bakin wasa. Abin kunya na kawo muku, kuma da hannuna na ɗebo shi.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Rahina, 'yar Kaura Namoda, ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin zamantakewa. Ni ce 'yar fari a gidan Malam Maccido, tsohon ma'aikacin reluwe. Ku riƙe wannan kalma ta 'yar fari da kyau, don a kanta komai ya rataya.

Tunda na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wajenmu. Ƙanwata Mardiyya kuwa har waƙa yake yi da sunanta, ta hau gefen tabarmarsa tana yi masa surutu yana dariya. Ni sunana a wurinsa "waccan". In zai aike ni, sai ya dubi bango ya ce da Inna, "A ce ma waccan ta kawo buta," alhali ga ni tsaye a gabansa kamar turmi. In Inna ba ta kusa, akwai wani gyaran murya da yake yi, gajere, mai hawa biyu. Ko ina ƙuryar ɗaki na ji shi na san nawa ne, ba na kowa ba.

Da aka zo rabon furojet, wato binciken da ɗalibi yake yi kafin a ba shi digiri, sai na zaɓi jinsi da ɗabi'a: tsakanin maza da mata, wa ya fi nuna ƙauna ga 'ya'yansa a Kaura, Shinkafi da Zurmi. Malamata, Dakta Ummusalma, ta ce batun ya yi kyau, amma in kula, kada in tafi da amsa a cikin jaka in dawo da ita. Na ce to. Ashe "to" ɗin baki ce.

Haka na yi ta yawo da wayata ina ɗaukar muryoyin mutane. Na shiga gidaje a Zurmi, na sha fura a Moriki har ta ishe ni, na zauna a rumfunan hatsi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Mata in na tambaye su, sai hira ta ɓarke, da sunayen lallashi da kirarin da suke yi wa jarirai. Maza kuwa sai sosa ƙeya da kallon ƙasa. A can na haɗu da Armiya'u, ɗan kasuwar hatsi, dogo, mai wushirya, hularsa kullum a karkace kamar tana shirin faɗuwa. Na tambaye shi ko ya taɓa ce wa wani yana ƙaunarsa. Ya dube ni ya ce, "Malama, ban taɓa ba, amma in kin dawo Alhamis mai zuwa ƙila a samu canji." Na haɗe rai na ce bincike nake yi. Ya ce shi ma.

Kun san sauran. Magana ta yi nisa har ta kai gida, Inna kuwa dama abin nema ya samu. Kullum waƙarta ɗaya, boko ba ta ƙarewa, sa'o'ina duk suna goye da na biyu. Aka tsayar da Asabar ta bayan difens ɗina, wato ranar da zan kare bincikena a gaban malamai, magabatan Armiya'u za su zo daga Shinkafi neman aure. Baffa Magaji, ƙanen Baba da ke Zurmi, shi zai karɓe su. Baba kam tun da wuri ya faɗa wa bango cewa ranar yana da aiki a gona. Kowa ya gane, ba a zaunar da uba a maganar auren 'yar fari.

Ranar difens na ci ado, ba zan ɓoye muku ba. Baƙar abaya mai ƙananan duwatsu a bakin hannu, mayafi ruwan zuma, takalmi mai ɗan tudu wanda na ara wurin Nazifa, ƙawata ta ɗaki. Na tsaya gaban malamai na zuba Turanci, na nuna musu abin da na samo: mata sun fi kiran 'ya'yansu da suna mai daɗi, sun fi rungumarsu, sun fi furta so. Maza sun zo a baya a kowane ma'auni. Komai yana tafiya sumul, sai wani dattijon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ya sauke tabarau ya juya harshe zuwa Hausa.

"'Yata, duk wannan alƙaluma ne. Ke da idonki kin ga haka?"

Masu karatu, nan ne ya kamata in ce a'a, ko in ce akwai abin da ma'aunina bai kama ba. Amma idanu sun yi mini caa, ni kuma maki nake so. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Na gani, ranka ya daɗe. Ni kaina shaida ce. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni. Bai taɓa duban fuskata ya yi mini magana ba. Kamar baƙuwa nake a gidansa."

Har da rawar murya na sa. Wata malama ta ce "Allah sarki". Farfesan ya daɗe yana kallona kamar zai ƙara tambaya, sai ya mayar da tabaraunsa ya yi rubutu. Ɗalibai suka tafa. Ni kuwa na fito ina jin kaina a sama, kamar na ci gasar duniya.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, duk ranar da na je Zurmi ko Shinkafi, da yadda hanyoyin nan suka zama abin tsoro, in motarmu ta shigo tashar Kaura zan hango Baba zaune a bencin mai goro. Da ya ga na sauko sai ya miƙe, ya kaɗe riga, ya bi wata hanya daban ba tare da ya dube ni ba. In na isa gida in tarar da shi a tabarma yana tambayar Inna, "Waccan ta iso ko?" Ban faɗa musu ba cewa in ya shigo da balangu yakan miƙa wa Inna ya ce a raba ma yara, sannan ya zaro wani ɗan ƙulli daban daga aljihu ya ajiye a bakin taga ya wuce. Duk na san wannan. Ba mantawa na yi ba.

Nazifa ta ɗauki difens ɗin a bidiyo. Da na koma ɗaki, ko abayar ban cire ba, na tura wa Armiya'u don in burge shi.

"Ga Daktarka ta gobe," na rubuta.

Ya maido nan take: "Tubarkalla! Wagga abaya ta gama da ni. Yau Shinkahi kowa sai ya san wa ni ka nema."

Na tura masa hoton fuska mai rufe ido, na jefar da wayar a gado na tafi neman abinci. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari da hantsi ina haɗa kaya zan taho gida, kiran Mardiyya ya shigo. Ko gaisuwa babu.

"Yaya, mi kinka yi?"

"Me na yi kuwa?"

"Bidiyonki na ga wayar kowa. Armiya'u yas sa shi a sitatus, direbobin tasha sunka ɗauka, ga shi har guruf ɗin unguwa. Jiya da la'asar a majalisar bakin tashar jirgi wani yak kanga ma Baba waya a kunne, yac ce, Maccido, wagga ba ɗiyarka ba ta?"

Na zauna a kan akwati.

"Ya ji... duka?"

"Har inda kinka ce baƙuwa. Sau biyu yas sa anka maimaita mai."

"Me ya ce?"

"Bai ce komi ba. Takalmansa yas saka yat taho gida. Tuwon dare ma bai taɓa ba."

Na katse kiran, na shiga WhatsApp. Saƙonnin Armiya'u sun yi layi.

"Rahina don Allah ki ɗauka."

"Wallahi ban saurara har ƙarshe ba. Ciniki ya yi mini yawa, farkon kawai nig gani da inda anka tafa miki."

"Na goge, amma an riga an kwasa."

"Hajiyarmu ta gani. Ta ce a bari ta yi tunani, na ba ta haƙuri. Asabar na nan in sha Allahu."

Na so in zazzage masa duk abin da ke cikina, har na rubuta "kai wane irin mutum ne", sai na tsaya. Shi ya sa bidiyon, amma bakin wa ke ciki? Na goge na rubuta, "Ba laifinka ba ne." Ya turo saƙon murya, ban iya buɗewa ba.

A mota na ja mayafi na rufe rabin fuska. Duk wanda ya taɓa wayarsa sai in ɗauka bidiyona yake kallo. Da muka shigo tashar Kaura idona ya tafi bencin mai goro da kansa. Mai goro yana nan yana yayyafa wa goronsa ruwa, bencin babu kowa.

Na tarar da Inna a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, tana tankaɗen garin dawa, ɗaurin ƙirji da tsohuwar atamfarta mai ganye-ganye. Na yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ci gaba da buga rariya har na fara jin gwiwoyina.

"Yayarsu," ta ce daga ƙarshe, don haka take kirana, "an ci jarrabawa?"

"Inna, don Allah..."

"Tambaya ɗaya ni ka yi miki, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah." Ta ajiye rariyar. "Ni, tun randa nih haihe ki, kin taɓa jin sunanki ga bakina?"

Na sunkuyar da kai. "A'a."

"Na taɓa ɗaukarki gaban mutane ina yi miki wasa? Ba kakarki tag goye ki ba har kinka yi wayo?"

"Haka ne."

"To don mi ba ki hwaɗa musu ni ba? Don mi sai shi?"

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Amsar tana nan a bakina, ɗaci kamar maɗaci. Ban faɗi Inna ba don in na faɗe ta, bincikena ya rushe. Ita mace ce, kuma kunyarta ta fi ta Baba tsanani. A Zurmi ma mata nawa suka ce mini ba sa kiran ɗan fari, na tsallake maganarsu don ba ta shiga layin da na shata ba? Amsata na tafi da ita a jaka na dawo da ita, na kuma yanka Baba na ɗora a kai don ta yi nauyi.

"Ba ki da baki yanzu?" in ji Inna. "Can kina da shi. Mutumen da bai iya barci in kina bisa hanya. Randa sakamakonki na sakandare yah hito, ɗaki yash shiga yar ruhe ƙohwa don kar a ga hakoransa. Yau shi na abin nuni a bakin tasha, wai bai san ɗiyatai ba."

Na fashe da kuka. Ba ta lallashe ni ba, ta ɗauki rariyarta.

"Ki yi kukanki a hankali, shina ciki. Magana zarar bunu ta, ke da kinka yi boko kin hi ni sani."

Da safe na karɓi kokon Baba da ƙosai daga hannun Mardiyya na ce ni zan kai. Na sa dogon hijabi har ƙasa kamar mai zuwa ta'aziyya. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa kan buzu, carbi a hannu, rediyonsa a gefe a kashe. Na durƙusa nesa kaɗan na ajiye kwanon.

"Baba, ina kwana."

Da a da ne, zai dubi bango ya ce "uhm", ni kuma in tashi raina fes. Ran nan sai ya juyo ya dube ni. Cikin ido. Ban taɓa sanin idanun Baba sun yi fari-fari a gefe haka ba, ban taɓa ganinsu kusa ba.

"Lahiya lau," ya ce. "An zo lahiya? Ya karatu?"

"Baba, na yi kuskure, don girman Allah ka..."

"Babu komi. Aje nan. An gode."

An gode. Kamar 'yar maƙwabta ta kawo saƙo. Da ya ɗauke ni da mari da na fi samun sauƙi. Na tashi na koma ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya na zama kamar kazar da aka jiƙa. Ko ƙofar gida ban leƙa ba. Kunnena kullum yana tsakar gida, ina jiran gyaran muryar nan mai hawa biyu. In zai yi alwala sai ya ce, "Mardiyya, buta." Ya shigo da hoce, gurasar dawar nan ta wajenmu, ranar Juma'a, ya miƙa wa Inna duka a leda ɗaya. Na je na duba bakin taga duk da haka, har da shafawa da hannu.

Armiya'u yana ta turo saƙo. "In zo in ba shi haƙuri da kaina?" Na ce kada ya soma. "To mi za mu yi?" Na ce ya yi addu'a. Ya ce, "Ko mi za a yi, ni ban canza ba." Na karanta na kife wayar. A karo na farko kalamansa ba su yi mini amfanin komai ba.

Asabar ta zo. Tun da sassafe gida ya kaure da hayaƙi, Inna da maƙwabta suna tuƙa tuwon shinkafa, ana soya kaji, Mardiyya tana jera ruwan roba da lemo a faranti. Aka sa ni na yi wanka na sa leshi ruwan hoda wanda aka ɗinka don ranar, na zauna a bakin gado kamar gunki. Baffa Magaji ya iso daga Zurmi da hantsi, ya leƙo ya tsokane ni da "amarya ba kya laihi", amma dariyarsa ba ta kai ido ba. Shi ma ya gani ke nan.

Ina jira in ji fitar keken Baba zuwa gona. Shiru. Sai Mardiyya ta faɗo ɗakin, idanu waje.

"Yaya, Baba bai tahi ba."

"Kamar yaya bai tafi ba?"

"Babbar rigarsa ta sallah yas saka, farar shaddan nan. Ga shi can zaure ya zauna bisa darduma. Baffa na ta yi mai magana ƙasa-ƙasa, ya ƙi tashi."

Wayata ta yi ƙara. Armiya'u ne: "Su Kawu sun shigo Kaura. Gabana sai hwaɗuwa shi kai."

Na fito na laɓe a bayan ƙyauren da ya raba tsakar gida da zaure, inda nake jin komai. Motar ta tsaya, aka yi sallama, aka shigo ana ta gaishe-gaishe, ya hanya, ya iyali, ya muka ji da jama'a. Na ji muryar wani dattijo ta ɗan sarƙe da ya gane wanda ke zaune. Bai zaci ganin uban yarinya ba, babu wanda ya zata.

Baffa Magaji ya yi gyaran murya zai buɗe taro da addu'a, sai Baba ya riga shi.

"Magaji, dakata. Kamin baƙi su hwaɗi abin da at tahe da su, akwai bashin magana bisa kaina. An ce akwai abin da ban taɓa yi ba. Duniya ta ji, to ku ma ku zan shaida."

"Haba Yaya," in ji Baffa, "ƙuruciya ta, a bar..."

"Rahina!"

Da ƙarfi ya faɗa, har ƙuryar gida an ji. Muciya ta suɓuce daga hannun Inna ta faɗi a toka. Matan da ke bakin murhu suka yi cirko-cirko, wata ta kama baki.

Shekara nawa ina kwanciya ina saƙa yadda sunan nan zai fito daga bakinsa? Na ɗauka zai zo da daɗi. Ya fito daidai, harafi bayan harafi, yadda ake kiran mai jiran layi a asibiti. A ƙarshensa kawai muryar ta ɗan karye, kuma na san ni kaɗai na ji wannan, don ni na san muryar Baba fiye da kowa a gidan.

Ta tsagar ƙyaure na hango shi. Ya miƙe zaune cikin farar shadda, fuskarsa a ɗaure, ya cusa carbinsa ƙarƙashin riga.

"Rahina," ya sake cewa, a hankali wannan karon. "Ki zo nan. Ki zo gaban mutane in dube ki in yi miki magana, tunda haka a ka son ɗiya yanzu."

Na juya ina neman Inna da ido, ko za ta cece ni. Ta taso daga bakin murhu, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba, ta ɗauki farantin ruwan baƙi ta ɗora mini a hannu. Ta gyara mini mayafi, ta matso da bakinta saitin kunnena.

"Amsa mana," ta ce. "Ba shi kinka so ba?"